Darasi: Tsohuwar Kwamfuta da Shafukan Intanet da Suka Ƙi Buɗewa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi muna so kowane rukuni ya iya yin abu uku: ya gane dalilin da ya sa tsohuwar kwamfuta take ƙin buɗe shafukan intanet, ya gwada abin da za a iya gwadawa a gida kafin a kashe kuɗi, ya kuma san ayyukan da bai kamata a yi a kanta ba. A karanta shi tare, da kwamfutar a gaba idan akwai.

Gabatarwa

A ƙauyukanmu da yawa akwai kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya wadda kowa yake dogara da ita. Wani wuri tana hannun sakatare, wani wuri tana hannun hedimasta ko ma'ajin ƙungiyar adashe. Yawancinsu kyauta aka kawo, ko kuwa na hannu aka sayo a kasuwa. Da ita ake buga rahoto, da ita ake duba sakamakon WAEC da NECO na yara, da ita ake aika wasiƙa.

Kukan da muke yawan ji shi ne: tana kunnuwa, tana rubutu, akwai data, amma shafi ya ƙi buɗewa. Sai a ɗora wa sabis laifi, a sake sayen data. Idan abin ya ƙi, a biya kuɗin mota zuwa gari wurin mai gyara. Shi kuma ya goge komai, ya mayar da abin da yake ciki tun farko, ya karɓi kuɗinsa. Ana dawowa gida matsala tana nan. 'Yan'uwa, sau da yawa kwamfutar ba ta lalace ba. Intanet ne ya ci gaba ya bar ta a baya.

Abubuwa uku da suke aiki tare

Mu ɗauki kwamfuta kamar gida. Ƙarfen da muke taɓawa, wato allo da maɓallai da kayan ciki, shi ne ginin. Babbar manhaja, kamar Windows, ita ce maigida: ita take tsara komai, ita take tsaron ƙofa. Burauza kuma, kamar Chrome ko Firefox ko Internet Explorer, ita ce ɗan aike wanda yake fita ya ɗauko mana shafi.

Kamfanin da ya yi babbar manhaja yana aiko mata da gyara lokaci lokaci. Wannan shi ake kira sabuntawa. Amma ba ya yin haka har abada. Idan shekarunta sun cika sai ya daina. Bayan haka masu yin burauza su ma sukan daina yi mata sabuwa. Ga yadda abin ya kasance da Windows na kamfanin Microsoft:

Windows XP ta fito a 2001, an daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. Chrome ta ƙarshe da take ɗauka ita ce lamba 49, ta 2016. Firefox ta ƙarshe ita ce lamba 52, wadda aka daina gyarawa a 2018.

Windows Vista an daina kula da ita a watan Afrilu, 2017. Chrome da Firefox nata sun tsaya a lambobi ɗaya da na XP.

Windows 7 ta fito a 2009, an daina kula da ita ranar 14 ga Janairu, 2020. Windows 8.1 kuma ranar 10 ga Janairu, 2023. A kan waɗannan biyu Chrome ta tsaya a lamba 109, Firefox ta tsaya a lamba 115.

Windows 10 ta fito a 2015, an daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kamfanin ya buɗe shirin ƙarin lokaci ga waɗanda suka yi rajista, amma shi ma na ɗan lokaci ne.

Internet Explorer kuwa, Microsoft da kansa ya yi mata ritaya a watan Yuni, 2022.

Domin ku san wadda kuke da ita, ku danna maɓallin da yake da hoton taga tare da baƙin R. Ƙaramin akwati zai fito. Ku rubuta winver a ciki, ku danna OK. Sunan zai bayyana. Ku rubuta shi a takarda.

Dalilai huɗu da suke hana shafi buɗewa

Na ɗaya, agogo. Kusan kowane shafi mai muhimmanci yana da takardar shaida wadda take tabbatar da cewa shi ne, ba na jabu ba. Takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza tana duba waɗannan ranaku da agogon kwamfutarku. A cikin kwamfuta akwai wani ƙaramin batiri mai kama da kwabo wanda yake riƙe agogo idan an kashe ta. Idan ya mutu, agogo yakan koma baya shekaru da yawa. Kwamfutar da take zaton muna 2009 za ta ga takardar bana kamar ranarta ba ta zo ba, sai ta ƙi ta. Wannan ita ce matsala mafi sauƙin gyara, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Na biyu, hatimi. Wasiƙar da ta zo daga wurin hakimi, da hatiminsa muke gane ta. Haka takardar shaidar shafi take ɗauke da hatimin hukumar da ta bayar da ita. Kwamfuta tana da jerin hatiman da ta sani. Tsofaffin hatimai suna ƙarewa, sababbi suna shigowa ta hanyar sabuntawa. Kwamfutar da ba ta samun sabuntawa ba ta san sababbin ba. Misali, ranar 30 ga Satumba, 2021, wani tsohon hatimi da hukumar Let's Encrypt take jingina da shi ya ƙare. Wannan hukuma tana ba miliyoyin shafuka takarda kyauta. Daga ranar, tsofaffin na'urori da yawa a duniya suka fara ƙin shafukan da jiya suke buɗewa lafiya.

Na uku, yaren sirri. Idan burauza da shafi za su yi magana, suna juya maganar ta yadda wanda ya tare hanya ba zai gane ba. Sunan wannan tsari TLS. Na farko ya fito a 1999, lamba 1.2 a 2008, lamba 1.3 a 2018. Da aka gano rauni a tsofaffin, manyan burauzoji suka daina amfani da 1.0 da 1.1 a 2020, shafuka da yawa kuma suka rufe su, musamman bankuna. Internet Explorer 8 da take kan Windows XP ba ta wuce 1.0 ba. Ɗan aike ya isa ƙofa, amma shi da mai gida ba su da yare ɗaya.

Na huɗu, nauyi da sabon salo. A 2010 matsakaicin shafi bai kai megabait 1 ba. Zuwa 2022 ya wuce megabait 2, kuma yana ɗauke da umarni masu yawa da kwamfuta za ta aiwatar kafin ya bayyana. Wasu umarnin an rubuta su da sabon salo wanda tsohuwar burauza ba ta taɓa gani ba. Shi ya sa shafi yakan fito fari fat, ko rubutu ya hau kan rubutu, ko a danna maɓalli ya ƙi motsi. Kuma kowane shafi da aka buɗe yana cin wuri a cikin abin da ake kira RAM. RAM kamar tabarmar shanya take: idan ƙarama ce, hatsi kaɗan take ɗauka a lokaci guda. Kwamfuta mai RAM gigabait 1 ko 2 takan sandare idan an buɗe shafuka da yawa tare.

Abin da za ku gwada a gida, bi da bi

Kada ku tsallake mataki. Kowanne yana kawar da zato ɗaya.

1. Ku buɗe shafin da ya ƙi a wayar hannu, da sabis ɗin da kwamfutar take amfani da shi. Idan ya ƙi a waya ma, matsalar ta sabis ce ko ta shafin, ku jira. Idan ya buɗe a waya, matsalar tana cikin kwamfutar.

2. Ku duba agogo a kusurwar allo ta ƙasa, hannun dama: rana, wata, shekara da awa. Ku gyara, ku sake gwada shafin. Sannan ku kashe kwamfutar, ku cire ta daga wuta, ku bar ta ta kwana. Idan da safe agogo ya sake komawa baya, ƙaramin batirin ne. A wasu kwamfutoci sai an kwance bayanta kafin a kai gare shi, saboda haka a bar wa mai gyara. Batirin ba shi da tsada.

3. Ku karanta gargaɗin da ya fito. Da Turanci yake zuwa, amma a Chrome akwai wani layi da manyan baƙaƙe a ƙasansa. Idan kun ga DATE a cikin layin, batun rana ne: ko agogonku, ko takardar da ta ƙare. Idan kun ga AUTHORITY, kwamfutar ba ta san hatimin ba. Idan kun ga VERSION, yaren sirri ne. Ku kwafe layin a takarda. Zai taimaki mai gyara.

4. Ku gwada Firefox. Firefox tana zuwa da jerin hatimanta, ba ta dogara da na Windows ba. Shi ya sa takan buɗe shafin da wata burauza ta ƙi a tsohuwar kwamfuta. A ɗauko ta daga shafin Mozilla, masu yin ta, ba daga wani wuri ba.

5. Ku rage kaya. Shafi ɗaya ko biyu a lokaci guda. Ku rufe sauran manhajoji. Ku cire ƙananan abubuwan da aka liƙa wa burauza waɗanda ba ku san aikinsu ba.

6. Ku taɓa ƙasanta. Idan ta yi zafi sosai kuma fanka tana ƙara, ƙura ta toshe hanyar iska. Kwamfuta idan ta yi zafi takan rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. Kada a ɗora ta a kan katifa ko zane. A kan tebur za a sa ta, kuma a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, musamman lokacin hunturu.

Haɗarin da ba a gani

A nan muke so a natsu sosai. Ko da kun samu shafi ya buɗe, ba a toshe ramukan da suke jikin babbar manhaja ba. Kullum ana gano sababbin ramuka. A manhajar da ake kula da ita, kamfani yana toshewa. A wadda aka daina kula da ita, ramin yana nan a buɗe, ɓarayi kuma sun san da shi. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ta kulle takardun mutane ta nemi kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ramin tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda gyaran bai shiga kwamfutarsu ba.

Saboda haka, a kan kwamfutar da aka daina kula da manhajarta:

Kada a shiga asusun banki, na mutum ko na ƙungiya. Kada a rubuta lambar kati, ko BVN, ko NIN. Wayar hannu wadda take samun sabuntawa ta fi ta tsaro a wannan aiki.

Idan gargaɗi ya fito, akwai wurin da za a danna a wuce da ƙarfi. Kada a yi haka a shafin da zai nemi kalmar sirri. Gargaɗin da tsufa yake kawowa da wanda ɗan damfara yake jawowa kamanninsu ɗaya ne, ba za ku iya bambanta su da ido ba.

Idan wani shafi ya fito da rubutu mai walƙiya yana cewa kwamfutarku ta kamu da cuta, ku danna nan ko ku kira wannan lamba, ku rufe shi. Tarko ne. Haka kuma duk shafin da ya ce ku sauke Flash. An daina Flash tun ƙarshen 2020.

Manhajar kashe cuta tana da amfani, amma mai gadi ne kawai. Ba ta gina katangar da ta rushe.

Hanyoyi huɗu da suke gabanmu

Hanya ta farko: a raba mata aiki. A cire ta daga intanet gaba ɗaya, a bar ta tana rubuta wasiƙa, tana lissafin adashe, yara suna koyon buga rubutu a kanta. A wannan aiki za ta iya ƙara shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai a yi hankali da filashin da yake yawo daga shago zuwa shago, domin ta nan ma cuta take shiga.

Hanya ta biyu: a ƙara mata ƙarfi. Kwamfutoci da yawa suna karɓar ƙarin RAM. Sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da sabon da ake kira SSD yana sa ta tashi da sauri ƙwarai. Amma mu lura: wannan maganin nauyi ne kawai. Ba ya gyara hatimi, ba ya gyara yaren sirri, ba ya toshe rami.

Hanya ta uku: a sauya babbar manhaja. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar RAM gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, da wani abin tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ba kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta take karɓa ba. Yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Amma akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, doka ta yarda a kwafa a raba. Tana da iri iri. Linux Mint tana tashi da RAM gigabait 2, ta fi sakewa da 4, tana zuwa da sabuwar Firefox da LibreOffice, wadda take buɗe takardun Word da Excel. Mint lamba 22 an tsara za a kula da ita har 2029. Tana bukatar ƙwaƙwalwa mai bit 64. Kwamfutocin da suka tsufa sosai masu bit 32 ne, zaɓinsu yana raguwa, ko da yake akwai ƙananan iri kamar antiX da aka yi domin irinsu. Wani alherin Linux shi ne ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba. A gwada intanet, a gwada sauti, a gwada na'urar buga takarda. Idan duk sun yi, sannan a sa ta. Allonta ya ɗan bambanta da wanda aka saba, saboda haka a ba mai amfani da ita lokaci ya koya.

Hanya ta huɗu: a fara tara kuɗin wata. Idan allo ya fashe, batiri ya mutu, RAM kuma ba ta ƙaruwa, kuɗin gyara zai iya kusantar kuɗin wata ta hannu mai ƙarfi. A zauna a yi lissafi kafin a yanke shawara.

Kowace hanya kuka zaɓa, kafin kowa ya taɓa kwamfutar a kwafe dukan takardu da hotuna a filashi biyu, a ajiye su wuri dabam dabam. A buɗe filashin a wata kwamfuta a tabbatar sun shiga. Rajistar mambobi da lissafin shekaru sun fi ƙarfen daraja.

Idan za ku je wurin mai gyara

Ku tafi da takardar da kuka rubuta sunan Windows da layin gargaɗi. Ku tambaye shi: Wace manhaja za ka sa? Har yanzu ana sabunta ta? Idan amsar ita ce zai mayar da Windows 7 ko XP, ku sani matsalar intanet za ta dawo. Ku nemi ya buɗe shafukan da kuke bukata a gabanku kafin ku biya. Kada ku ba shi kalmar sirrin banki ko ta imel. Ba ya bukatarsu domin gyara.

Idan za a ba ku kyauta, ko za ku saya

Karɓar kyauta da godiya abu ne mai kyau, tambaya kuma ba rashin godiya ba ce. Ku tambayi shekarar da aka yi ta, yawan RAM, da manhajar da take kai. Domin aikin intanet, kada RAM ta gaza gigabait 4, idan ta kai 8 ya fi. Ku cire ta daga wuta ku ga minti nawa batiri yake riƙewa, domin a inda wuta ba ta tsayawa wannan babban abu ne. Araha ba ta ado.

Idan ta mutu gaba ɗaya

Kada a ƙone ta, kada a jefa ta a bola ko kusa da rijiya, kada a ba yara su fasa. Batirinta yana iya kamawa da wuta idan an huda shi. Akwai dalma a jikin kayan cikin tsofaffin kwamfutoci, fitilar tsofaffin allo kuma tana da sinadarin makuri mai guba. A cire faifan ajiya a riƙe, domin sunayen mutane da lissafinsu suna ciki. Sauran a kai wa masu gyara, sukan yi amfani da sassan.

Aikin rukuni

Ku zaɓi mutum biyu, babba da matashi. Su ɗauki littafi su rubuta kowace kwamfuta da jama'a suke amfani da ita: sunan Windows, ko agogonta daidai ne, ayyukan da ake yi a kanta, da ranar da aka kwafe takardunta na ƙarshe. Su kawo rahoto a taro mai zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka muke yi a kwamfutarmu da lalle sai da intanet? Waɗanne ne ba sa bukata?

2. An taɓa shiga asusun ƙungiya a kwamfutar da aka daina kula da manhajarta? Idan haka ne, wa zai sauya kalmar sirri, kuma yaushe?

3. Idan kwamfutar ta ƙi tashi gobe, waɗanne takardu za mu rasa?

4. Nawa muka kashe a gyara da kuɗin mota cikin shekara biyu da suka wuce? Da mun tara kuɗin, me zai saya?

5. A cikin matasanmu, maza da mata, wa za mu tura ya koyi sa Linux da kula da kwamfuta, domin ƙauyukan da suke kewaye da mu su ma su amfana?